Wanda Aka Ci Shi Ke Biya

Ranar da Malam Sa'idu ya hawo benenmu da kwaɗon rufe ƙofa a aljihun rigarsa, har yau ba ta fita daga raina ba. Ku da kuka buɗe ido kuka tarar da wasa a cikin waya, kowa ya sunkuyar da kai shi kaɗai kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ba za ku gane me ake nufi da gidan gem ba sai na yi muku bayani. To, ku ajiye wayoyin mutane da kuke gyarawa ku saurara, ba za su gudu ba.

A farkon shekarun da aka ƙaddamar da shari'a ne. Ina aiki a nan Daura, a saman wata filaza da ke kan hanyar tasha. Mai ginin, Alhaji Mamman, fataucin shanu ne sana'arsa. Yana kai dabbobi Kudu, a can ne wata rana ya shiga wani katafaren rukunin shaguna, ya ga samari sun yi layi suna biyan kuɗi don su tuƙa motar da ba ta zuwa ko'ina. Alhaji bai san komai a kan na'ura ba, amma ya san layi idan ya gan shi. Motar da ta kai shanu ita ta dawo da tsofaffin na'urori, wasu har da kashin shanu a jikinsu. A ƙasan ginin akwai masu atamfa da mai kemis da mai ɗaukar hoto, mu kuma aka ba mu saman gaba ɗaya.

Mu uku ne ma'aikata. Ni ne manaja, ni ne kuma mai gyara, saboda na ɗan zauna wajen mai gyaran rediyo. A ƙarƙashina akwai mai karɓar kuɗi, sai maigadi wanda shi ke tada inji idan an ɗauke wuta. Na'urorin iri biyu ne. Akwai manya na tsaye, masu kama da kwabet, irin su tuƙin mota da dambe. Waɗannan sai ka sayi wasu 'yan ƙarafa masu kama da kwandala a wajen mai karɓar kuɗi, ka jefa a rami, sannan su tashi. Sai kuma teburan ƙwallo, wato talabijin da 'yar na'ura a ƙarƙashinta da abin riƙewa guda biyu da muke ce wa hannu. Mutum biyu ke zama, kowa ya zaɓi ƙungiyarsa, su kara. A teburan nan kasuwarmu take, na tsayen ado ne kawai da jawo baƙi.

Yadda ake biya a tebur shi ne abin da nake so ku riƙe. Ba a biya kafin a zauna. Sai an tashi wasa, wanda aka ci shi ke biyan kuɗin mutum biyu, ya miƙa hannu ga na bayansa a layi. Wanda ya ci kuwa yana nan zaune a kujerarsa, ba ya biyan ko sisi, har sai an samu wanda ya tashe shi. Ba mu muka ƙirƙiro wannan ba. Haka muka tarar ana yi a ko'ina, kuma babu wanda ya taɓa tsayawa ya yi tunani a kai.

A tebur na tsakiya akwai wani da ba a iya tayarwa, sunansa Ɗanjuma. Faci yake yi a bakin tasha, magidanci ne ma da 'yarsa ɗaya. Kullum hannunsa baƙi ƙirin da dattin taya, sai na sa shi ya wanke da omo kafin ya taɓa mini kaya. Amma idan ya zauna, to sai kallo. Ba ya ihu, ba ya tashi tsaye, ko murmushi ba ya yi sai ya zura ƙwallo, sannan ya juyo ya tambayi abokin karawarsa, "Ya gida?" Wannan tambayar ta fi zagi ciwo. 'Ya'yan masu kuɗi suna zuwa da aljihu cike don su tashe shi. Daga Sandamu ake yin ayari a kan babura, wasu ma daga Dutsi, kowa da gwaninsa. A kan kowane mutum biyu da ke wasa, sai ka ga ɗaki ya cika da 'yan kallo, kuma ɗan kallo idan ya gaji da jira sai ya faɗa wani tebur ko ya sayi ƙarafa ya tuƙa mota. Mai kunun aya ya kafa teburinsa a gindin matakala, mai tsire ya biyo shi. Har masu atamfa sun ce ciniki ya ƙaru. A cikin albashin wannan aiki na yi aure, kuma a lokacin da nake ba ku labari matata tana da tsohon ciki.

Lokacin kuwa ba na wasa ba ne. An rufe gidajen giya, ana sa ido sosai a kan gidajen kallo, duk inda samari ke taruwa sai an tambayi abin da suke yi. Unguwarmu tana da kwamitin dattawa da malamai, su ake kai wa ƙorafi, kuma idan suka ce a rufe waje, to an rufe. Iyaye suka fara kai ƙara. Wani ya ce ana kiɗa, wani ya ce akwai hotunan mata, wani ya ce yara suna wuce sallah. Kwamiti ya zauna, mafi yawansu suka ce a sa kwaɗo kawai. Malam Sa'idu, mai makarantar da ke bayan masallaci, shi ya ce ba zai sa hannu a rufe abincin mutane a kan abin da bai gani da idonsa ba. Sai suka wakilta shi, suka ba shi kwaɗon, suka ce abin da ya yanke shi ke nan.

Alhaji ya kira ni gidansa, na same shi ko abinci bai iya ci ba.

"Habu, ka ji abin da ake ciki?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

"To, duk abin da ka san malami zai gani ya ɓata rai, ka kawar da shi. In aka rufe wajen nan, ni shanuna suna nan. Kai fa?"

Ya san amsar, ni ma na sani. Ba ni da wata sana'ar da za ta riƙe gida.

Muka duƙufa. Na'urar dambe, mai wata mace da ba ta da kayan kirki a jiki, muka juya fuskarta bango muka lulluɓe da tabarma. Na cire wayar lasifika daga duk na'urar da ke kiɗa. Hotunan 'yan ƙwallo masu gajeren wando muka ɓamɓare daga bango. Na sayo butoci da sababbin tabarmi, muka ware kusurwa ɗaya. Na rubuta da babban baƙi cewa ba a shiga da kayan makaranta, kuma da an kira sallah za a kashe komai. Masu shan taba na ce su nemi wani wajen. Na bi ɗakin nan lungu-lungu ina kallonsa da idon malami, har na gamsu babu abin da ya rage.

Malam ya iso bayan Azahar, shi kaɗai, da 'yar sandarsa. Dattijo ne siriri, ba mai yawan magana ba. Ya yi sallama, samari duk suka sha jinin jikinsu. Alhaji ya taso da rawar jiki zai fara bayani, Malam ya ɗaga masa hannu.

"Alhaji, zauna abinka. Wane ne mai kula da wajen?"

"Ni ne, Allah gafarta Malam."

"To, ɗana, kai za ka zaga da ni. Kada ka nuna mini abin da kake so in gani, nuna mini abin da ake yi."

Ya fara da tabarmar da na lulluɓe na'urar dambe. Ya ɗaga, ya leƙa, ya mayar. Ya ce wannan kada ta sake juyowa, na ce an gama. Ya tsaya a gaban ta tuƙi, ya tambaya ko akwai abin da mutum ke samu idan ya yi nasara. Na ce babu, sai dai sunansa ya fito a allon na'urar. Ya ce in jefa masa ƙarfe ɗaya. Malam ya tattare hannun riga ya kama sitiyari, kafin ka ce me ya kai motar cikin wani gini. Ya sake gwadawa, ya faɗa ruwa. Wani yaro ya kasa riƙe dariya. Sai Malam ya ce, "Alhamdu lillahi da ba ta haya ba ce." Nan ɗaki ya fashe, aka saki jiki.

Da aka kira La'asar, maigadi ya kashe inji kamar yadda muka tsara, Malam ya ja mu sallah a sababbin tabarmin. Bayan an idar sai ya zauna a bayan tebur na tsakiya yana kallon Ɗanjuma yana tashin mutane ɗaya bayan ɗaya. Ya yi tambayoyi masu yawa. Wa ke motsa waɗannan mutanen? Me ya sa wancan ya faɗi? Alƙalin wasan na ciki yana karɓar cin hanci? Na lura fuskarsa ta sake. Ya juya wajen Alhaji ya ce shi dai bai ga abin da ya fi langa ko dara muni ba, in dai ana kiyaye sallah da karatu. Na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. A raina har na fara tunanin ragon suna.

Ya miƙe zai tafi ke nan, sai Ɗanjuma, wanda daɗi ya ɗebe shi, ya miƙa masa hannu ɗaya.

"Allah gafarta Malam, ba za a taɓa ba ko sau ɗaya? Don albarka."

Malam ya yi dariya ya zauna. Na nuna masa inda ake dannawa a ba da ƙwallo da inda ake bugawa. Ɗanjuma ya yi masa ladabi iyakar iyawarsa, har baya yake komawa da ƙwallo, amma duk da haka ya ci shi biyu da nema. Bai dai tambaye shi ya gida ba, Allah ya taimake mu.

Malam ya sa hannu a aljihu. Alhaji ya ce haba, haba, a bar shi. Malam ya ce a'a, ya yi wasa, sai ya biya. Ya tambayi mai karɓar kuɗi nawa ne, shi kuma ya faɗa masa kuɗin mutum biyu, kamar yadda ya saba faɗa wa duk wanda aka ci.

"Na ji ɗazu ka ce wa wancan rabin haka ne kuɗin mutum ɗaya," in ji Malam.

"E, Malam, ai har da na Ɗanjuma. Wanda aka ci shi ke biya."

"Shi ba ya biya?"

Ɗanjuma ya gyara zama, yana jin an zo wajen da za a yabe shi. "Ni, Allah gafarta Malam? Ai rabona da in biya kuɗi a gidan nan tun kafin azumin bara. Ga su nan, su ke biya mini."

Samari suka yi shewa, Alhaji ma yana dariya. Ni ma, wallahi, dariya nake yi. Malam ne kaɗai bai yi ba. Ya mayar da kuɗinsa aljihu, ya koma ya zauna, ya ce a kashe talabijin ɗin.

"Ɗana," ya ce da ni, "lokacin da na zauna a kujerar nan, na san nawa zan biya?"

Na ce, "Ya danganta, Malam."

"Da me?"

"Da wanda ya ci."

"To, ka faɗa da bakinka. Mutum biyu sun zauna, kowa ya sa kuɗinsa a tsakani. Ɗaya zai tashi da nasa a aljihu, ɗaya zai biya ninki, kuma babu wanda ya san ko wane ne sai an gama. Mene ne sunan wannan?"

Mun kawar da hotuna, mun kashe kiɗa, mun sayi butoci, ashe abin yana tsakiyar ɗaki, kuma da hannunmu muka zaunar da Malam a kansa.

"Caca ce," in ji shi, "ko da kwabo ɗaya ne. Na san ba da nufi kuka yi ba, da kun sani da kun ɓoye ta kamar yadda kuka ɓoye waccan matar."

Ya ciro kwaɗon ya ɗora a kan tebur. Ban taɓa ganin ƙaramin abu ya cika ɗaki haka ba. Alhaji ya fara rantse-rantse, ni kuwa matata kawai nake tunani.

Malam ya daɗe yana kallon kwaɗon, sannan ya ce ba zai rufe ba. Na'ura ba ta yi laifi ba, hanyar biya ce ta ɓaci, ita za a gyara. Daga yau kowa ya biya nasa kafin ya zauna, ko ya ci ko an ci shi. Ya ƙara da cewa idan gida ya ga dama ya yafe wa wanda ya ci kuɗin zamansa na gaba, wannan kyauta ce daga mai gida, babu laifi, tunda ba daga aljihun abokin wasansa ta fito ba. Ya biya kuɗin mutum ɗaya, ya ɗauki kwaɗonsa da sandarsa, ya sauka.

Ranar mun yi murna kamar an yi mana haihuwa. Alhaji ya saya wa kowa tsire. Da na tuna masa maganar yafe wa wanda ya ci, sai ya ce, "Habu, in na yafe wa Ɗanjuma, rabin kuɗin teburin nan ya tafi ke nan kullum. Ka taɓa ganin an sayar da sa an ba da kyautar saniya?" Na ce ai saboda shi ake cika ɗakin. Ya ce saboda na'ura ake zuwa, kuma na'ura tasa ce. Na sake tayar da maganar bayan sati, ya ce in ina so in riƙa biya masa daga albashina.

Washegarin zuwan Malam, Ɗanjuma ya zo, ya biya, ya ci. Mai karɓar kuɗi ya miƙo masa hannu. Ya sake biya, ya sake ci. A karo na uku ya laluba aljihu, ya ajiye hannun wasa a kan tebur, ya miƙe. Wanda ya ci ne ya tashi, wanda aka ci yana zaune, don shi yana da kuɗin ci gaba. Kowa ya ga abin bai yi tsari ba, amma doka ce. Kuɗin faci ba zai ciyar da gida ya kuma riƙe kujera yini guda ba. Ya koma zuwa jefi-jefi, daga baya ya daina hawowa sam. Idan na wuce ta tasha sai ya ɗago mini hannu daga ƙarƙashin mota.

Tebur na tsakiya ya koma na masu kuɗi, suna cin junansu babu mai kallo. 'Yan Sandamu suka zo sau ɗaya, suka tambayi Ɗanjuma, ba su sake dawowa ba. Babu wanda za a zo a tasa, to me za a zo yi? Mai kunun aya ya ɗauke teburinsa. Ba a rana ɗaya muka mutu ba, mun ja shekaru muna ɗingishi. A cikinsu ne gidajen kallon ƙwallon Turai suka buɗe suka kwashe samari, masu hali suka sayi 'yar na'urar suka kai ɗakinsu, sannan waya ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Na'urorin tsaye suka riƙa lalacewa, babu kayan gyara, ina cire na wannan ina sa wa waccan. Aka sallami maigadi, aka sallami mai karɓar kuɗi, na rage ni kaɗai ina kore ƙuda. A ƙarshe Alhaji ya ba wani mai sayar da kujeru hayar saman, ya kira 'yan gwangwan su auna na'urorin a kuɗin ƙarfe.

Ban taɓa jin haushin Malam Sa'idu ba. Gaskiya ya faɗa, ya kuma nuna mana ƙofa, mu ne muka ƙi bi. Wanda na ji haushi Alhaji ne, kuma har ya rasu, Allah ya jiƙansa, yana cewa waya ce ta kashe masa kasuwa.

Ranar da za a kwashe kaya, da hantsi, na sauka tasha na kira Ɗanjuma. Na ce ya zo ya yi na bankwana, yau babu biya. Ya wanke hannu da kansa ba tare da na ce ba, muka hau. Na tada inji, na kunna masa tebur na tsakiya. Ya zauna a tsohuwar kujerarsa, ya ɗauki hannu, ya zaɓi ƙungiyarsa. Na ce ya kara da na'ura, tana iya wasa ita kaɗai. Ya juya ya dubi ɗakin, babu kowa sai 'yan gwangwan suna kwance sitiyari.

"Habu," ya ce, "to in na ci, wa zai gani?"

Ya ajiye hannun a hankali, ya yi mini godiya, ya sauka. Ina jin takunsa a matakala har ya fita.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku ɗauka ko a wannan sana'ar ta gyaran waya. Duk wajen da kuka ga ya cika, ku bincika wa ake zuwa dominsa, don sau da yawa ba mai kayan ba ne, ba kuma wanda ya fi biya ba. Mu shekara da shekaru muna goge na'ura muna mata hidima, mun ɗauka ita muke sayarwa. Ashe mai faci muke sayarwa, kuma a kan kuɗin zama ɗaya muka bar shi ya sauka.